Babi na Shida: Hayar Littafin da Makaho Ba Zai Iya Buɗewa Ba

Kaso mai yawa na abin da ɗakin karatu na zamani yake miƙa wa masu karatu ba ya cikin gininsa, ba kuma mallakarsa ba ne. Mujallun ilimi da littattafan lantarki da rumbunan bayanai, wato manyan taskokin rubuce-rubuce da ake bincikawa ta intanet, suna ajiye ne a kan kwamfutocin wasu kamfanoni da ke Faransa ko Amurka ko Holan, ɗakin karatun kuwa yana biyan kuɗin shiga na shekara guda, ko a ba shi izinin shiga kyauta a ƙarƙashin wani shiri na tallafi. A takardun ofis ana kiran wannan ciniki saye, amma a haƙiƙa haya ce, kuma kamar kowane ɗan haya, ɗakin karatu ba shi da ikon faɗaɗa ƙofa ko rage tsayin dokin ƙofar gidan da ba nasa ba. Idan littafin takarda ne da ke kan kantarsa, ma'aikaci zai iya karanta wa makaho shi, ko ya kai a mayar da shi rubutun Braille, wato rubutun ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa, amma shafin intanet da wani kamfani ya gina a wata nahiya, babu wanda zai iya taɓa gininsa sai mai shi.

Abin da ake nufi da sauƙin isa a wannan babi shi ne mutumin da ba ya gani, ko ganinsa ya yi rauni, ko ba ya ji, ko hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, ya iya shiga irin wannan hidima da kansa, ya nemo abin da yake so, ya karanta, ya ajiye, ba tare da ya jira wani ya tausaya masa ba. Tambayar da ke gaban ɗakin karatu ita ce ta yaya zai gane ko hidimar da ake tallata masa ta cika wannan sharaɗi, kuma a wane lokaci ya kamata ya bincika.

Unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya, domin mai karatun da ke zaune a cikinta ya sha bamban da wanda kamfanonin nan suke hasashe idan suna gina shafukansu. Sunan unguwar ya samo asali ne daga wurin buga tubali na zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma Hausawa fatake da suka iso Yawunde tun zamanin Jamusawa, bayan an yi ta ɗage su daga wannan wuri zuwa wancan, a nan aka zaunar da su a shekarun 1930. Har yau mutanen gari suna kiran ta unguwar Hausawa, ko da yake Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Najeriya da Nijar da Mali duk suna cikinta, kuma an san ta da masallatai da shagunan yadi da teloli da masu tsire. Ɗan wannan unguwa yakan tashi da Hausa a gida, ya iya Fulatanci a kasuwa, ya yi allo da Larabci, ya yi boko da Faransanci, idan kuma ya kai Jami'ar Yawunde ta Ɗaya da ke Ngoa-Ekelle ko ta Biyu da ke Soa, sai ya tarar da Turanci yana jiransa a mafi yawan mujallun kimiyya. Idan Allah ya jarrabi wannan ɗalibi da rashin gani, harsunan nan biyar duk sai sun bi ta kunnensa.

Hidimomin da zai iya samu ba kaɗan ba ne. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na Kamaru suna cikin waɗanda suka cancanci shirin Research4Life, wanda ya fara da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, aka ƙara masa AGORA na fannin noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙirƙira a 2009, da GOALI na shari'a a 2018. Akwai JSTOR, taskar tsofaffin mujallu da ta buɗe wa cibiyoyin Afirka ƙofa kyauta tun 2006, akwai kuma Cairn, wadda masu nazarin zamantakewa da tarihi cikin Faransanci suke dogara da ita. Cibiyar al'adun Faransa da ke tsakiyar gari tana ba mambobinta damar shiga ɗakin karatunta na intanet mai suna Culturethèque, cibiyar Goethe ta Jamus da ke Bastos kuma tana da irinsa mai suna Onleihe. Gwamnati ma ta sanar a 2016 cewa za ta raba wa ɗaliban manyan makarantu kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000, a cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka samo bashinsa daga Sin, aka kuma fara rabon a ƙarshen 2017. Duk waɗannan sun yalwata abin karantawa ƙwarai, sai dai yalwar abinci a rumbu ba ta ƙosar da wanda tsani bai kai shi ba.

A wajen doka kuwa, Kamaru ba ta zauna haka nan ba. Doka mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kare masu buƙata ta musamman da ciyar da su gaba, an kuma fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2018. Ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Marrakesh a 2021, sannan ta kammala amincewa da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu a 2023, wadda sashe na 9 nata ya ambaci fasahar sadarwa, sashe na 30 kuma ya ambaci ɗakunan karatu da sunansu. Ma'anar wannan ita ce ɗakin karatun da ya miƙa hidimarsa ga wani kamfani bai miƙa alhakinsa tare da ita ba. An ga haka a fili a Amurka a 2012, lokacin da aka kai ƙarar ɗakin karatun jama'a na Philadelphia, aka kuma yi sulhu da na Sacramento, saboda sun sayi na'urorin karatu na Nook suna ba da aronsu alhali makafi ba za su iya sarrafa su ba. Wanda aka tuhuma shi ne mai sayen, ba mai ƙerawar ba.

Takardar mai sayarwa

Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi wajen tantance shafukan intanet shi ne WCAG, jerin ƙa'idojin da ƙungiyar W3C mai tsara dokokin yanar gizo ta fara fitarwa a 1999, ta sabunta a 2008 da 2018 da 2023. Ƙa'idojin sun ginu a kan buƙatu huɗu: a iya riskar abin da ke shafin ta gani ko ji ko taɓawa, a iya sarrafa shi ko da babu linzami, a iya fahimtarsa, kuma ya yi aiki da kayan taimako iri-iri. Suna da matakai uku, kuma na tsakiya, wanda ake kira AA, shi ne dokokin ƙasashe suka fi nema. A ƙarƙashinsa, alal misali, dole bambancin haske tsakanin rubutu da bangon shafi ya kai 4.5 bisa 1, domin dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani ya iya rarrabe haruffa. Kamfanonin Amurka sukan cike wani fom mai suna VPAT, wanda aka ƙirƙiro a 2001 saboda sashe na 508 na dokar ƙasar, su bayyana a ciki inda hajarsu ta cika sharaɗi da inda ta gaza. Na Faransa kuma suna da nasu ma'auni mai suna RGAA.

Takardar VPAT tana da amfani, kuma ɗakin karatun da bai taɓa neman ta ba ya yi sakaci, domin kamfanin da ya kasa kawo ta ya riga ya ba da amsa. Amma mai haja ne yake cike ta da hannunsa, babu kuma hukumar da take tilasta a bincika gaskiyar abin da ya rubuta. Tana iya zama ta shekaru uku da suka wuce alhali an sake fasalin shafin sau biyu tun daga lokacin. Tana iya yin magana a kan shafin nema kawai, ta yi shiru a kan takardun da ake saukewa, waɗanda su ne ainihin abin da ɗalibi ya zo nema. Kalmar da aka fi samu a cikinta ita ce "an cika wani ɓangare", wadda za ta iya nufin ƙaramin aibi a wani lungu, za ta kuma iya nufin maɓallin shiga ba ya aiki gaba ɗaya. Dogaro da ita kaɗai cinikin biri a sama ne, kuma babu ɗan kasuwar yadi a Briqueterie da zai biya kuɗin bandir don kawai takardar da ke manne a jikinsa ta ce shadda ce mai kyau, sai ya warware ta ya murza da hannunsa. Saboda wannan dalili ne manyan jami'o'in Amurka da ke cikin ƙawancen Big Ten suka haɗa kuɗi suna ɗaukar masu gwaji na waje su auna rumbunan bayanai, suna kuma wallafa sakamakon kyauta, abin da ma'aikacin ɗakin karatu a Yawunde zai iya dubawa kafin ya zauna da wakilin kamfani.

Inda ma'aunin waje bai kai ba

Makaho yana amfani da kwamfuta ne ta hanyar manhajar karanta allo, wato manhajar da take bin abin da ke kan allo tana furta shi da murya. Shahararru a kan kwamfuta su ne JAWS, wadda ake saya da tsada, da NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006 suka bar ta kyauta. A kan waya kuwa akwai TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone. Aikin wannan manhaja aikin ɗan jagora ne, kuma ɗan jagora ba ya faɗin abin da ba a nuna masa ba. Idan maɓalli hoto ne da ba a rubuta masa suna a bayan fage ba, abin da za ta ce kawai shi ne "maɓalli". Idan kuma maƙalar hoton shafi ce da aka ɗauka daga tsohuwar mujalla ba tare da an fitar da rubutun da ke ciki ba, to manhajar za ta yi tsit kamar an ba ta farar takarda. Tsofaffin rubuce-rubuce a kan tarihin Adamawa da cinikin goro da zuwan Hausawa kudancin Kamaru, waɗanda ɗan Briqueterie ya fi kowa haƙƙin karantawa, da yawansu a irin wannan siffa suke yawo.

Matsalar harshe ta fi wannan zurfi, kuma ita ce masu gwaji na Turai ba su cika cin karo da ita ba. Ƙa'idojin WCAG sun buƙaci kowane shafi ya sanar da harshen da aka rubuta shi da shi, a kuma yi wa kowane yanki da ya sauya harshe alama, domin manhaja ta san muryar da za ta ɗauko. A ƙasar da Faransanci da Turanci duk harsunan hukuma ne, wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne: shafin nema yana iya zama da Turanci, maƙalar da Faransanci, misalan da ke cikinta da Hausa ko Fulatanci, ayar da aka kafa hujja da ita kuma da Larabci mai tafiya daga dama zuwa hagu. Idan babu alamar, muryar Turanci ce za ta bi ta kan Faransancin tana dagula shi, har mai sauraro ya kasa gane ko kalma ɗaya. Ko da an sa alamar ma, muryoyin Hausa masu inganci ba su yawaita a cikin manhajojin karanta allo ba, don haka sau da yawa muryar wani harshe ce take karanta Hausar. A nan haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suke shiga wahala, domin muryar da ba ta san su ba takan tsallake su ko ta tsaya tana ambaton lambarsu, sai "ƙasa" ta koma "asa", "ɗaki" ya koma "aki". Tun a matakin fitar da rubutu daga hoto ma, na'urar da aka horar da ita da Faransanci takan mayar da ƙ ta zama k ko wata alama dabam, har akwatin nema ya kasa gano kalmar da ke nan a shafin. Fulatanci yana da irin waɗannan haruffa, rubutun ajami kuwa, wanda malaman zaure suka adana waƙoƙi da wasiƙu da shi, kusan duk a hoto yake, kuma na'urar da ke karanta shi da aminci ba ta shiga hannun jama'a ba tukuna.

Abin yana da ciwo idan aka tuna cewa a al'adar karatun Hausawa rashin gani bai taɓa zama shamaki ga ilimi ba. Karatun da ake ɗauka daga bakin malami, a maimaita har ya zauna a ka, ya ba makafi damar zama alarammomi da mawaƙa, kuma Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya tsara Imfiraji, makaho ne. Tsarin da ya dogara da kunne ya karɓe su, zai kuwa zama koma-baya idan tsarin da ya fi shi kayan aiki ya bar su a waje saboda wani ya manta ya sa alamar harshe.

Sai kuma na'urar da ke hannun mai karatu. Gwajin da kamfanoni suke yi yawanci a kan babbar kwamfuta ne mai JAWS da intanet mara yankewa, alhali ɗalibin Briqueterie ya fi yiwuwa ya shiga da wayar Android mai araha, da ɗan kuɗin data na MTN ko Orange, a unguwar da wutar lantarki take ɗaukewa. Shafin da yake loda hotuna masu nauyi kafin ya nuna rubutu yana cin kuɗin makaho a kan abin da ba zai gani ba. Shafin da yake fitar da mutum bayan mintuna kaɗan na rashin motsi yana hukunta wanda sauraro yake ɗaukar masa lokaci. Mafi muni shi ne jarrabawar CAPTCHA, wadda take neman mutum ya zaɓi hotunan da ke ɗauke da mota ko gada don ya tabbatar shi ba na'ura ba ne. Idan tana da madadin sauti ma, sau da yawa da Turanci yake. Ga kurame kuwa, irin waɗanda makarantar ESEDA ta Yawunde take koyarwa tun 1972, abin dubawa shi ne ko bidiyon darasi yana da rubutaccen bayani a ƙasansa, kuma da wane harshe.

Ƙulli da yarjejeniya

Littattafan lantarki da yawa suna zuwa da makullin da ake kira DRM, wato fasahar da take hana kwafa da bugawa don kare haƙƙin mawallafi. Makullin ba ya bambanta ɓarawo da ɗan jagora, don haka yakan hana manhajar karanta allo isa ga rubutun, ya kuma hana a tura shi ga injin buga Braille. Yarjejeniyar Marrakesh, wadda aka ƙulla ranar 27 ga Yuni 2013 ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 2016, an yi ta ne don magance abin da Ƙungiyar Makafi ta Duniya take kira yunwar littattafai, kasancewar ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ne yake samuwa a siffar da makaho zai iya karantawa. Ta halatta wa cibiyoyin da aka amince da su su mayar da littafi zuwa irin wannan siffa ba tare da neman izinin mawallafi ba, su kuma aika shi ƙetaren iyaka. Najeriya ta amince da ita a 2017 ta kuma shigar da tanadinta cikin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, saboda haka a ƙa'ida littafin Hausa da aka shirya wa makafi a Kano zai iya isowa Yawunde ta halastacciyar hanya. Sai dai lasisin da ɗakin karatu ya sa wa hannu yana iya ƙunsar layin da ya haramta sauya siffar duk wani fayil, ta haka sai ma'aikaci ya sarayar da haƙƙin da yarjejeniyar duniya ta ba masu karatunsa ba tare da ya lura ba.

Wannan shi ya sa lokacin bincike ya zama kafin sa hannu, domin a lokacin ne kawai mai saye yake da ta cewa. Kusan kowane kamfani yana ba da lokacin gwaji na wasu makonni, kuma abin da ya kamata a yi da shi bai fi ƙarfin ƙaramin ɗakin karatu ba. Ma'aikaci zai iya ture linzami gefe ya gwada tafiya da maɓallan rubutu kaɗai, ya ƙara girman haruffa ninki biyu ya ga ko shafin zai wargaje, ya kuma bi shi da manhajojin bincike na kyauta, da sanin cewa waɗannan ba sa gano sai wani ɓangare na aibin. Amma gwajin da ya fi kowanne nauyi shi ne a zaunar da wanda yake rayuwa da manhajar karanta allo kullum, a ba shi aiki na gaske daga farko har ƙarshe: ya shiga da sunansa, ya nemo maƙala a kan tarihin Ngaoundéré, ya buɗe ta, ya je shafi na goma, ya kwafo jimla guda da lambar shafinta kamar yadda malami zai nema a kundin digiri. Yawunde ba ta rasa irin waɗannan ƙwararru ba. Ƙungiyar CJARC ta matasan makafi, wadda Coco Bertin da abokinsa Martin Luther suka kafa a 1988, da PROMHANDICAM da ke aiki tun 1975, sun daɗe suna horar da makafi, kuma ya wajaba a biya masu gwajin ladan aikinsu kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara, domin ƙwarewa suka kawo.

Abin da aka gano shi ne zai shiga cikin kwangila: matakin WCAG da ake buƙata a ambace shi da lambarsa, wa'adin gyara a ƙayyade shi da kwanaki, a tabbatar wa ɗakin karatu ikon sauya siffar kowane fayil don mai buƙata, a kuma ba shi damar janyewa a mayar masa da ragowar kuɗinsa idan alƙawari bai cika ba. Za a iya cewa ɗakin karatu guda a Kamaru ba shi da nauyin da zai sa kamfanin Amsterdam ya saurare shi, balle idan hidimar kyauta aka ba shi, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai lamarin ya sauya tun ranar 28 ga Yuni 2025, lokacin da dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan sauƙin isa ta fara aiki, ta kuma wajabta wa masu sayar da littattafan lantarki a can su fitar da sababbin littattafansu a siffar da kowa zai iya karantawa, ko da yake Faransa ta ba tsofaffin littattafai rangwame zuwa 2030. Mawallafin da ke Faris ya riga ya shirya fayil ɗin EPUB 3, wato siffar littafin lantarki mai ɗauke da kanun babi da bayanin hotuna da alamar harshe, saboda kasuwarsa ta gida. Abin da ma'aikacin Ngoa-Ekelle zai nema a rubuce shi ne a turo masa wannan fayil ɗin, kada a ba shi tsohon hoton shafi, sannan ya buɗe shi a kan wayar ɗaya daga cikin ɗalibansa makafi, ya saurari yadda za ta furta sakin layin da ke ɗauke da Hausa kafin ya aika wa ofishin kuɗi takardar biya.